Jinin da Ƙaho Bai Zuƙo Ba

Akwai ranar da har yau ba ta fita daga kaina ba, ranar da aka kawo mana Malam Ɗanladi da targaɗe a hannu. Ku da kuka shigo aikin nan da takardunku, ku saurara.

Ni mai ɗauri ne a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, ta wajen Ɗambatta. Mai ɗauri shi ne mai wanke ciwo, ya sa magani, ya naɗe bandeji, in an gama ya ɗauki tsintsiya. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya, don haka duk wanda aka turo, ko sa'an ɗana ne, shi ne ogana. A lokacin Sista Rabi ce shugabar wurin, jami'ar lafiya, watanninta kaɗan da zuwa. Likita kuwa babu.

Lokacin cirar gyaɗa ne, da hantsi. Malam Ɗanladi ya hau bishiya yana jera harawa, reshe ya karye da shi. Yayansa Alhaji Ya'u ne ya kawo shi a babur. Da ƙafarsa ya shigo, har yana tsokanata wai na yi tumbi. Sista ta duba hannunsa na dama, ta rubuta maganin ciwo, ta ce in ɗaure su tafi.

Ina cikin ɗauri hularsa ta zame. Sai na ga an aske gefen kansa, saman kunnen dama, ga tsaga ƙanana sababbi.

Na ce, "Alhaji, wannan fa?"

Ya ce, "Nan ya bugu da dutse, har ya ɗan suma. Amma mun gama da wannan. Wanzami ya sa ƙaho, ka ga mataccen jinin da ya fito kuwa? Baƙi ƙirin. Kai dai yi mana hannun."

Nan na tuna wani abu. Shekarun baya wani likita ya yi bautar ƙasa a wajenmu, shi kaɗai ne ya taɓa zaunar da ni ya koya mini abu. Ya ce wanda ya bugu a kai ya suma, ya farfaɗo yana hira garau, shi ne abin tsoro. Jijiya na iya tsinkewa a ƙarƙashin ƙashi, jini yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa, mutum yana ta dariya har sai ya kwanta.

Na tambayi Malam Ɗanladi ko kansa na ciwo. Ya ce yana ƙaruwa. Amai fa? Alhaji ya ce sau biyu a hanya, amma kunun safe ne. Na ce ya matse yatsuna da hannun hagu, wanda bai ji ciwo ba. Manomi, mai riƙe garma, amma riƙon kamar na marar lafiya. Na ɗauko tocila, na kai shi inda babu haske sosai, na haska idanunsa. Baƙin tsakiyar idon hagu ya tsuke nan take. Na dama ya fi shi girma, kuma da ƙyar yake motsi.

Na je na sami Sista. Ta ce, "Baba Iliya, mutumin da ya shigo da ƙafarsa? Aikinka ɗauri ne fa."

Na ce, "Na sani, ranki ya daɗe, kullum ana tuna mini. Zo ki duba idon, in ƙarya nake ki rubuta ni."

Ta zo tana ɓata rai. Ta haska, ta sake haskawa, ta kama bugun jininsa tana kallon agogo. Daga nan ba ta ƙara yi mini gardama ba, wannan kam na ba ta. Ta zauna ta rubuta takardar tura shi Kano, inda ake da na'urar hoton kai, wadda ke nuna abin da ke bayan ƙashi.

Sai kuma Alhaji ya tubure. "Kano? Gyaɗa na shanye a gona? Ai da idona na ga jinin ya fita!"

Na ce, "Alhaji, na fata ka gani. Ƙaho ba ya huda ƙoƙon kai. In ka kai shi gida, kafin la'asar za ka ce barci yake yi, kuma ba zai tashi ba."

Ya ce ina yi wa ƙaninsa mugun baki. Muna cikin haka Malam Ɗanladi ya kira Alhaji da sunan mahaifinsu da ya daɗe da rasuwa. Nan Alhaji ya ce a tafi Kanon.

Saura mota. Motar asibiti ba mu da ita. Na fita titi na dawo, na sake fita, duk bas ɗin da ta zo a cike take. Ina dawowa in girgiza Malam Ɗanladi in tambayi sunansa, amsar tana ƙara nisa. Sai bayan azahar muka samu wani direba ya sauke buhunan da ya ɗauko. Na zauna a baya, kansa a cinyata, ina kiran sunansa har Kano. Tun kafin mu shiga gari ya daina amsawa.

Da aka yi hoton, wani likita ya ɗaga mana shi. Ga wani farin abu a gefen dama kamar ƙwallon mangwaro, ya ture ƙwaƙwalwa gefe. Alhaji ya ce, "Wannan mene ne?" Likitan ya ce jini ne. A ranar aka shiga da shi tiyata.

Ya rayu. Amma yana jan ƙafar hagu, garma kuma ta fi ƙarfinsa. Likitan ya ce jiran ne ya jawo. Ina yawan lissafa awannin nan: na wanzami, na gardama, na bakin titi.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu jinin da suka gani suke yarda da shi, mu ma'aikata kuma ciwon da aka nuna mana muke dubawa. Saura ƙiris in ɗaure hannu in sallami mutum ya je ya mutu a ɗakinsa. Don haka duk wanda ya faɗo daga sama, ko yatsa ya ce yana masa ciwo, ku ce ya cire hula.