Lambar da Aka Goge da Lemun Tsami

A gidanmu na Ƙofar Marusa, in an sauke tuwo bayan Magariba ba a kashe wuta. Kaka takan jawo kujerarta bakin murhu, ta tura gujiya cikin toka mai zafi, mu 'yan mata mu kewaye ta. Yayyena maza ba sa zama. Da sun suɗe hannu sai waje, wai tatsuniya aikin mata ce.

Kaka ido ɗaya gare ta, fuskarta kuma duk ƙananan ramuka, kamar rairayin da yayyafi ya taɓa. Ba mai tambaya. Rannan ƙanwata, da ba ta san tsoro ba, ta ce mata wa ya cire mata idon. Umma ta ɗaga muciya, Kaka ta ce a ƙyale ta.

"Ku matso," ta ce. "Ga wata nan tahe, amma wannan babu Gizo cikinta."

Wai an yi wata yarinya da ƙanenta a wani gida kusa da ganuwa. Mai shela ya zaga gari yana cewa kowa ya fito da 'ya'yansa a yi musu lamba saboda cutar agana. Mai unguwa na tsaye, ba damar ƙi. Aka karce wa yaran damtse, aka sa magani, masu lambar suka naɗe kayansu suka wuce. Suna shan kwana, uwar ta ja yaran bayan ɗaki, ta yanka lemun tsami, ta haɗa da toka, ta dirje wurin har sai da suka yi kuka. Haka matan layin duk suka yi, don an ce musu maganin yana ruɓar da hannu. Mace ɗaya ce ta rasa lemu. Hannuwan 'ya'yanta suka kumbura suka yi tabo, ana ta yi mata jaje.

Da bazara agana ta shigo layin. 'Ya'yan matar nan masu tabo su suka riƙa ɗebo wa gidaje ruwa, don sauran yara duk suna kwance. Ƙanen yarinyar ya kwana tara ya rasu. Ita ta tashi.

Na ce ashe uwar muguwa ce. Kaka ta juyo da idonta mai gani ta kafe ni da shi.

"Muguwa? Wadda ta taka har kasuwa neman lemu don ɗiyanta? Ba wanda ya zauna ya hwaɗa mata komi, ke. Karce hannu suka yi suka tahi."

Ba ta rufe labarin yadda take rufe sauran ba. Ta tono gujiyar ta raba mana, aka kira Isha'i.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, shekara shida na yi a sakandare ba malamin da ya taɓa ce mana an yi wata cuta a garin nan mai kwashe yara, an kuma kore ta har ba ta dawo ba. A ajin kiwon lafiya mun haddace sunayen ƙwayoyin cuta da Turanci. A ajin tarihi mun haddace sarakuna. Kaka tana zaune a gida da tarihin a fuskarta, ba wanda ya neme ta har ta koma ga Allah.

Bara na samu aikin wucin gadi da masu allurar ƙyanda. Nawa aikin shi ne shafa wa yaro tawada a ɗan yatsa bayan an yi masa allura, don masu bin sawu su gani. Aka tara mu a wani ɗakin taro a Ji'are, unguwar manyan ma'aikata, aka koya mana cika takarda. Na ɗaga hannu na ce me zai hana mu riƙa ba iyaye labarin agana kafin mu fito da allura. Jami'ar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malama, tarihi muka zo yi ko aiki?" Aka yi dariya. Na zauna ina huci.

To ga aikin. Iyaye da dama ba sa korar ka. Shimfiɗa maka tabarma za su yi, su kawo ruwa, sannan a hankali su ce a shafa wa yaron tawadar kawai, a bar allurar, kowa ya huta. Wasu ma'aikatan suna yi. Ni ma na yi, gida biyu, ranar da rana ta dafa ni. Har yau ina tuna fuskokin yaran.

Rana ta uku muka iso gidan Yaya Bishir, babban wana, tela. 'Yarsa Husna shekara ɗaya da 'yan watanni, ba a taɓa yi mata allurar ko sau ɗaya ba, ga ƙyanda ta riga ta kwantar da yara biyu a bayan layinsu. Ya ja ni soro yana murmushi, ya ce ai abin ya zo gida, in shafa wa Husna a wuce wurin. Ya ce ya ji a waya abin da ake zubawa cikin allurar.

Na ce ba zan shafa ba. Ya ce ni yarinya ce, ai shi ya goye ni. Ban san sanda na fara ba, a gaban abokan aikina, a gaban Anti Rabi matarsa da ke laɓe bayan labule, na zazzage masa labarin Kaka tun daga mai shela har kwana tara. Na ce masa tawadar nan da yake so ita ce tokar, ni kuma ba za a sa ni dirje hannun Husna ba.

Can ya ce, "Wace yarinya ce wannan?"

"Yaya, wa ka sani a gidanmu mai ido ɗaya?"

Wallahi bai sani ba. Shekara ashirin yana gaishe ta kullum safiya, ya ɗauka haka aka haife ta. Ya ce mu fita masa daga gida, muka fita.

Bayan kwana biyu Anti Rabi ta aiko mini da saƙo cewa shi da kansa ya ɗora Husna a mashin ya kai ta asibitin unguwa. Har yanzu in na gaishe shi da ka yake amsawa. Wannan bai dame ni ba.

Da ina ƙarama na ɗauka Kaka gargaɗi take mana a kan iyaye mata. Yanzu na gane da masu naɗe kaya su wuce take, kuma na zama ɗaya daga cikinsu. Husna ta tsira ne don an yi dace gwaggonta ta taɓa zama bakin murhun wata tsohuwa. Gidajen nan biyu da na shafa wa tawada na koma na yi sallama. Ɗaya sun saurare ni. Ɗayan sun tashi daga unguwar, kuma ba wanda ya san inda suka koma.