Shekarar da Turame Suka Tsage

Ƴan yanzu ba su san Inna Takawa ba, kuma su suka yi asara. A Matamaye ta zauna, bayan marina, lokacin da Nasara bai daɗe da zama Damagaram ba. Doguwa ce, mai fura, bakinta ya fi barkonon furarta yaji. Miji ya rasu da wuri. Ɗanta guda, Shekara, mutanen kumandan Nasara suka kwashe shi da sauran samari aikin hanya, daga baya aka ce an sa masa kayan soja, daga nan labari ya yanke. Ta yi ta duban hanyar Kance har yanar makanta ta rufe mata ido biyu.

Gida ya yi tsit. Daga ita sai kaji uku, sai wani ƙaton turmin ƙirya da ta zo da shi ranar aurenta.

A da, ba a barin mutum da yunwa a unguwa. Mata suna da zagayen akushi: yau gidan wance, gobe gidan wance, a kai wa tsoho da makaho. Aka kai wa Takawa. Ta shinshina, ta ture.

"Ku kai wa mabarata. Ni da na shayar da rabin garin nan!"

Ta koma kan dusa da rama, har wuyanta ya zama na zalɓe. Mai unguwa ya ce in wata ya mutu tana haka, zai sa a ɗora ta a jaki a kai ta Kurni wurin dangin miji. Ita kuwa, in ta tafi, Shekara ya dawo ya tarar da wa?

Rakiya matar mahauci, wadda ke riƙe da zagayen akushin, ta shigo wata safiya da ƙwaryar gero.

"Inna, turmina ya tsage. A ba ni aro?"

"Da hannun nan naki na maƙera, ko dutse ne ya tsage. Daka, amma kada ki kashe mini shi."

To, a wajenmu ba a share turmin aro. Mai daka takan bar ɗan tsakin hatsi a gindinsa. Haƙƙin turmi ne, ko matar sarki karɓa take, babu kunya. Takawa ta kwashe, ta dama kunu.

Kashegari na Batulu ya tsage. Jibi na Hawa. Kafin Juma'a biyu, babu lafiyayyen turmi a bayan marina. Tsakar gidan ta cika da lugude da gulma, Takawa na zaune a kan tabarma tana shari'a da kunne.

"Batulu, surfen nan bai yi ba, ina jin kukan taɓarya. Ko so kike mijinki ya ci dusa kamar akuya?"

Kumatunta suka fara dawowa.

Sai Sa'a ta ɓata lamarin. Baƙuwa ce daga Tsauni, kirkinta ya fi wayonta yawa. Ta bar rabin ƙwarya na gari, har ta ɗora curin daddawa a kai. Takawa ta zura hannu, ta daɗe.

"Yaushe turmi ya fara haihuwar daddawa?"

Taɓare suka tsaya. Ta lalubi sandarta.

"Ƴar nan, kai ni in ga naki turmin."

Aka bi ta a jere, Rakiya na ta salati, tana hararar Sa'a kamar ta cinye ta. Takawa ta durƙusa. Ta shafa ciki, ta shafa waje, ta ƙwanƙwasa. Sumul yake, ko ƙwarzane babu. Ta dafa bakin turmin. Ta san abin da zai biyo baya in ta faɗi gaskiya: gida ya koma tsit, jaki ya tsaya a ƙofa.

Ta yi tsaki.

"Wane malalacin masassaƙi ya cuce ki? Tsagar tana can ciki, mai ido ba ya ganinta. Kada ki ƙara daka a nan." Ta miƙe da ƙyar. "Gobe ki zo da wuri. Daddawar kuwa ki bar ta, ƴan Tsauni ba ku iya ba."

Damina shida ta ƙara a ɗakinta, kuma a duk tsawonsu babu turmin da ya warke a unguwar.