Jan Katin Malam Abdul-Ganiyu

Ranar Lahadi, 19 ga Janairun 2025, jim kaɗan bayan La'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Abdul-Ganiyu Hambali a gidansa da ke Al Muntazah, nan Doha. Zuciya ce ta tsaya, yana da shekara hamsin da takwas. Wanda Ya ba mu aronsa Shi ne Ya karɓi abinSa, mu ma can muka nufa.

Malam, mutanen gari sun san ka direban motar makaranta. Mu 'yan Zangon Kumasi da muka biyo ka nan kuwa, da usur a baki muka san ka. Shekara goma sha ɗaya kana alƙalancin ƙwallon zari-ruga da muke yi duk yammacin Juma'a a wani fili bayan unguwar Nu'aija, irin ta mutum goma sha uku-uku, wadda ka koya wurin wasu Turawa tun kana share musu fili. Kai ka tara mu, masu gadi da direbobi da wasu ɗaliban Najeriya, ka koya mana yadda ake kayar da ƙato ba tare da an karya shi ba.

Ban taɓa ganin mai son tarihin hukunci irinka ba. Kafin a taɓa ƙwallo sai ka shanya mu a rana, ka ce da can ko dai a bar mai laifi a fili ko a kore shi baki ɗaya, sai a 1981 mutanen Ostireliya suka kawo na tsakiya, a fitar da mutum ya zauna 'yan mintuna ya huce ya dawo. Ka ce su can yatsu goma alƙali yake buɗewa, alamar minti goma a waje, Ingila ce ke ɗaga rawaya da ja. Mun ji har mun haddace, Wahid mai gadi ma yakan tsaya bayanka yana motsa baki tare da kai. Kana sane, ba ka taɓa juyowa ba.

Kai yatsu ka zaɓa. Ka buɗe mini su ranar da na kai wa wani naushi ba gaira ba dalili. Da aka tafi hutun rabin lokaci ka zo ka miƙo mini ruwa, ba ka yi faɗa ba, ka ce in gaya maka abin da ke ci na. Rikici nake yi da kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauke ni aiki, a kan hutun da zan je ganin mahaifiyata. Washegari ka ajiye komai ka raka ni ofishinsa, kuma na tafi hutun.

Jan kati kuwa yana aljihun gabanka, mun san da shi amma ba mu taɓa ganinsa ba, sai a Nuwamban da ya wuce.

Ƙanena Mubarik, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne gwaninmu. Shekararsa talatin da ɗaya, yana da mata da 'ya a Kumasi. Sau uku a bara yana buga kai a fili. A na ukun ya miƙe yana dariya, ya ruga da ƙwallo wajen gidanmu maimakon na abokan karawa, aka yi ta shewa. Kai kaɗai ne ba ka yi dariya ba. Ka sa shi a mota zuwa asibiti, a hanya ya yi amai, ya tambaye ka sau biyu wa ya ci wasan. Likita ya ce in ya sake buguwa a wurin, ba lallai ya tashi ba.

Juma'a biyu bayan nan sai ga shi da rigar wasa. Ba a ko fara ba ka hura usur, ka zaro katin nan da ya koɗe a aljihu, ka ɗaga masa a gaban kowa.

"Malam, me na yi?" in ji shi.

Ka ce, "Ba ka yi komai ba, ɗana. Amma muddin usur ɗin nan yana hannuna, khalas, ka gama wasa."

Daga ranar ya daina gaishe ka. Ni ma, Allah Ya yafe mini, na same ka na ce ka tozarta shi, ai da minti goma ka ba shi. Ka dube ni ka ce minti goma zafin rai yake warkarwa, ba ya warkar da kai. Na tafi ina jin haushinka.

To Malam, yau usur ba ya hannunka, kuma tsoro nake ji. A maƙabarta ba wanda ya kai Mubarik kuka, shi ya riƙe gaban makara har bakin kabari. Muna dawowa a mota ya ce an shirya wasan tunawa da kai ranar Juma'a, 31 ga wata, kuma zai buga. "Yaya, na ƙarshe ne," in ji shi. "Ban roƙe shi gafara ba, bari in yi masa wannan." Har yanzu hasken rana yana sa shi runtse ido. Shekaranjiya yana waya da gida ya kira 'yarsa da sunan yayarmu da ta rasu, bai ma lura ba. Takalmansa na wasa suna nan a tagar ɗakinmu, ya wanke su ya shanya. Duk ƙungiya sun gani, kowa ya kawar da kai, kuma ni suka ɗora wa alƙalancin wasan.

Ranar addu'ar uku, maiɗakinka Hajiya Haulat ta aiko mini da 'yar jakarka daga cikin gida. Na buɗe na ga usur da katin. A bayan katin akwai rubutun hannunka, kwanan watan da ka ɗaga shi, da kalma huɗu: "Mubarik. Kada a janye."

Tun yana yaro ban taɓa iya hana Mubarik abin da yake so ba, kai ma ka sani. Na san in na ɗaga masa zai daina gaishe ni yadda ya daina gaishe ka. Na yarda. Gara ya yi shekara ba ya kula ni da in kira matarsa in gaya mata abin da aka kira aka gaya mana ranar Lahadi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Haulat da 'ya'yanka, da danginka na Kumasi, da duk wanda ya taɓa ganin yatsunka goma. Allah Ya ba su haƙurin rashinka. Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ya yafe mana da muka bar ka ka tsaya kai kaɗai a filin nan. Katin yana aljihun gabana. Allah Ya ba hannuna ƙarfin ɗaga shi ranar Juma'a, amin.