Je Ki Kamo Mini Guda

Duk wanda ya taɓa sayen kaya a Murshid Bazaar ya san Labaran Mijinyawa, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon nan mai furfura a gemu da ke durƙushe a ƙofar wani shagon kargo, da salatif a wuyan hannu kamar awarwaro. In ya ɗaure maka kwali, ko daga bene aka jefo shi sai ya isa Kano lafiya. Shekara goma sha wani abu yana wannan aiki, amma abin da ya mallaka a Dubai gado ne guda a Al Warsan, shi ma na sama.

Ranar Lahadi, da abokan ɗakinsa ke ramuwar barci, shi sai ya hau bas zuwa Hatta, can cikin duwatsu, wai kallon malam-buɗe-littafi. Salmanu, mai gadon ƙasa, ba ya barinsa ya sha ruwa.

"Mutane sun zo neman arziki, kai ka zo kiwon ƙwari. Allah Ya ba ka lafiya, Labaran."

 Labaran kuwa ya san lokacinsu kamar yadda manomi ya san damina. Watannin zafi, da dutse ke gasa ƙafa ta cikin takalmi, ko guda ba ka gani. Da sanyi ya shigo sai ƙananan shuɗɗa su fara fitowa a gefen gonakin dabino. In aka dace da ruwan sama kuwa, sai manyan baƙaƙe masu ɗigon rawaya su rufe itatuwan lemun tsami. Amma nasa shi ne mai ruwan goro da baƙin baki, wanda ke sauka a kan tumfafiya. I, tumfafiya dai irin ta bayan gidansu a Gezawa.

Dalili kuwa 'yarsa ce, Mahfuza. Ranar da zai bar gida tana ƙarama, ta riƙe rigarsa ta ƙi saki. Sai ya yi mata abin da kowane uba ke yi in zai sulale: ya nuna mata tumfafiya ya ce, "Je ki kamo mini guda." Ta ruga tana dariya, shi kuma ya faɗa mota. Wannan dariya ya riƙe duk tsawon shekarun nan. Zuwansa gida bai cika yatsun hannu ɗaya ba, kuma kowane zuwa tana makarantar kwana ko tana ɓoye bayan uwarta. Shi a ransa, in dai ya kai ta Hatta ta gan su da idonta, zai dawo da 'yarsa. Hotuna yake tura mata kowace shekara, tana amsawa da "Na gani, Baba." Ya ɗauki wannan a matsayin ƙauna. Wanda ba shi da tuwo, ai ƙanzo ma abinci ne.

Sai ga shi bana, daidai bayan ruwa, Mahfuza ta zo sayayyar aurenta tare da ƙanwar uwarta, Hajiya Barira, 'yar kasuwa. Labaran ya roƙi maigidansa hutun yini ɗaya, roƙon da bai yi ba ko ranar da haƙori ya kumbura masa fuska.

Ya manta halin fataken Kano, shi da ke ɗaure musu kaya kullum. Su Dubai ɗinsu daga masauki sai kasuwa. Yau labule, gobe kayan kicin, jibi inshallah. Ranar hutun nasa ta zo daidai da ranar rufe kwantena.

"Baban Mahfuza, dutse ai ba ya gudu," in ji Hajiya Barira. "Yalla, yi maza ɗaure mana kayan nan, wa zai yi mana kamar kai?"

Haka ya durƙusa yana jera farantan auren 'yarsa. Da Hajiya ta shiga wani shago, ya ɗago kai.

"Uwata, ko da yamma ne mu je. Suna nan da yawa bana, irin naki, masu ruwan goro."

Mahfuza ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafinta.

"Baba, ka yi haƙuri. Ni ba na son ganinsu."

"Ke da kike binsu da gudu?"

"Ai na kamo maka ranar. Na dawo da shi a hannu, ba ka nan. Umma ta ce yanzu za ka dawo, na zauna a zaure na ƙi buɗe hannun kar ya gudu. Da aka kira magariba ta ɓamɓare yatsuna, ya mutu tuni."

Ba da faɗa ta faɗa ba, da ma faɗan ne da ya fi sauƙi.  Ashe duk hoton da ya tura, miki yake fama mata. Ya ja salatif ya rufe kwalin, don hannunsa bai iya komai ba sai wannan.

Washegari ya raka su bakin titi, tasi na jira, motoci na ta matsa mata oda. Idon Mahfuza ya ciko, ta juya masa baya. Hajiya Barira ta dube ta, ta dube shi.

"Baban Mahfuza, taimaka ka samo mana ruwan sanyi a shagon can."

Akwai gorar ruwa a jakar Hajiya, yana ganin murfinta. Ya san wannan aike sarai, ba wanda zai koya masa shi. Ya ce to, ya tsallaka titi, bai waiwaya ba. Ya sayi gora biyu, kuma ya zaɓi mafi sanyi.