Ranar da Motar Lantarki Ta Ƙi Buɗuwa

Ƙanena da ke aiki a Abuja ne ya bar mini motarsa mai amfani da lantarki zai yi tafiya. Makullin ma ya tafi da shi a aljihu. Ya sa mini manhaja a waya, ya ce da ita ake buɗe motar a kuma tayar da ita. Sau ɗaya ya gwada a gabana da tasa wayar, na ce na gane. Ban gane komai ba.

Kwana uku bayan haka, da hantsi, aka kira daga Zango cewa kawuna ya rasu, za a fita da shi bayan Azahar. Ƙanen mahaifiyarmu ne, su biyu suka rage a ɗakinsu. Inna ba ta yi kuka ba. Ta ɗauki mayafinta ta ce in kai ta ta gan shi, ta yi masa addu'a kafin a ɗauke shi. Gwiwoyinta sun daɗe da daina hawa babur.

Na ajiye mata kujera a zaure, na fito na danna manhajar. Wani abu ya yi ta zagaye a fuskar wayar, sannan ta rubuto da Turanci wai an kasa haɗawa. Na sake. Na kashe data na kunna. Na ɗaga wayar sama kamar mai neman sabis a ƙauye, alhali sabis a cike yake. Na kanga ta a jikin gilashi, na zagaya ta baya, har ƙarƙashin motar na leƙa, ban san me nake nema ba. Wayar ƙanena kuwa a kashe, yana cikin jirgi.

Matata ta leƙo ta ce, “Malam, ko a nemo tasi ne?”

Na ce saura kaɗan. Taurin kai gare ni, na sani. Ga mota sabuwa dal a ƙofar gida, sai in sa uwata a ta haya mutane suna kallo?

Na goge manhajar na sake saukewa, ta nemi lambar sirri, na sa, ta karɓa, ta koma gidan jiya. Kaina ya ɗaure tamau. Laifin motar ne, ko na wayar, ko nawa?

Daga ƙarshe na kira maƙwabcina mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya zo a kan babur, ya karɓa, ya yi ta latse-latse shi ma. Can ya dubi tasa wayar, ya dubi tawa.

“Yaya, agogonka ai ba daidai yake ba.”

“Na sani. Ni na tura shi gaba da minti ashirin, don kar jam'i ya riƙa wuce ni.”

Ya ce to ai shi ke nan, in lokacin waya ya saɓa da na motar ba za ta yarda da ita ba. Har yau ban fahimci ina ruwan mota da agogona ba. Ya mayar da shi daidai. Motar ta yi ƙit, fitilu suka kawo.

Ban tsaya yi masa godiya ba. Na kama hannun Inna na sa ta a baya, muka kama hanyar Zango, mota na gudu ba ƙara ko kaɗan. Shirun motar ya dame ni.

Muna shiga gari muka ci karo da maza suna dawowa daga maƙabarta, ɗaya ya ɗora makara a ka, ba kowa a ciki. Na taka birki. Kunya da baƙin ciki suka rufe ni, na kasa waiwayawa.

Inna ta daɗe tana kallonsu ta gilashi. Sannan ta ce, “Buɗe mini in sauka. Ni ban san inda ake kamawa ba.”