Jakar da Na Tsare a Hanyar Kebbe

Har gobe ban manta da wata safiya a ƙarshen damina ba, lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi, shekarata ta biyu a aiki. Cutar ɓoru ta ɓulla a rugagen da ke kusa da Fakku. Ga wanda bai sani ba, ita ce mai fasa wa shanu baki da tsakanin kofato, sai ka ga saniya tana dalalar da miyau tana ɗingishi. Shugabanmu, wanda muke kira Dokta, ya tara mu a ofis a Tambuwal ya ce umarni ya zo daga sama: a kafa shinge, kada wata dabba mai kofato ta wuce zuwa kasuwa. Ni aka ba hanyar da ta nufi Kebbe, da bokiti, da buroshi, da jarkar maganin kashe ƙwayoyin cuta.

An yi ruwa da asuba. Tururi yana tashi daga fadama, gero ya sunkuyar da kai, komai ya yi tsit kamar duniya ba ta gama farkawa ba. Daga cikin tururin nan wani dattijo ya ɓullo yana jan jaka, wato macen jaki, a kanta tsohuwa lulluɓe da zane, tana rangaji. Sunansa Malam Buba, tsohuwar kuwa matarsa ce, Inna Hajjo. Kwana uku tana zazzaɓi, rafi ya cika babur ba ya haurawa, shi ne ya ɗoro ta zai kai ta asibiti.

Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, an hana duk mai kofato wucewa.”

Bai yi fushi ba. Ya ce, “Malam, wane kofaton anka ce?”

Na ce kofato ai kofato ne.

Sai ya durƙusa a kan laka, ya nuna mini sawun da dabbobi suka bari. “Duba wanga, na saniya ne, rabe biyu. Wanga na akuya, shi ma biyu. To duba na jakata, guda ne kamar ƙoƙo. Tun ina kiwon shanun babana ban taɓa ganin ɓoru ta kama jaki ko doki ba. Masu rababben kofato taka bi.”

An koya mana haka a makaranta, na kuma rubuta a jarrabawa, amma umarni ya rufe mini ido. In na bar su aka ji, aikina na iya tafiya. In na tsare su, ga tsohuwa numfashinta yana sama-sama.

Ina cikin wannan sai Inna Hajjo ta buɗe ido. Ba ni take kallo ba, tana kallon can bayan gonaki. A hankali ta ce, “Buba, ka ji su? Shanun Baffa ne sunka taso daga mashaya. Ji kofatonsu, ƙas, ƙas. Ga farar nan gaba.” Babu saniya ko ɗaya a wurin. Amma wallahi sai da na juya, na kasa kunne, har na ji kamar ƙasa tana amsawa a ƙarƙashin ƙafata, kamar wani garke mai nisa yana tafe cikin tururin. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.

Malam Buba ne ya taɓa ni. Na zaro waya, babu sabis, sai da na hau kan wani suri kafin na samu Dokta. Na yi masa bayani. Ya ce, “Takardar cewa ta yi masu rababben kofato. Ni na gajarta muku. Amma jaki yana iya kwaso cutar a ƙafa. Wanke mata kofato sosai, ka wanke takalman mai ita, su wuce.”

Na ɗaga ƙafafun jakar ɗaya bayan ɗaya, na kankare laka, na goge da magani. Ban taɓa riƙe kofato da natsuwa irin ta ranar ba. Malam Buba yana riƙe da kanta yana cewa, “Farce ne fa, Malam. Allah ya tsai da su bisa farce, su ɗauki kayanmu da mu kanmu, ba su taɓa cewa sun gaji ba.”

Bayan kwana biyar suka dawo. Inna Hajjo tana zaune daram, ta gaishe ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Na tambaye ta shanun Baffa, ta yi dariya ta ce an sayar da na ƙarshensu tun tana budurwa.

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, za a riƙa ba ku umarni a gajarce. “Mai kofato” kalma ce mai faɗi, ta kwashe saniya da doki da barewa, kuma ba cuta ɗaya ke kama su ba. Ku tambayi wanne ake nufi, ko da shugaba zai ga kamar kun cika tambaya. In kuma makiyayi ya durƙusa zai nuna muku wani abu a ƙasa, ku durƙusa tare da shi.