Hancina da akun Gwaggo

Ina shekara ta biyu a jami'a, ina zaune a unguwar Fallowfield, Gwaggo ta kira ni ta ce in zo Birmingham sunan jikanta. Na hau doguwar bas ranar Juma'a, na isa gidanta a Balsall Heath kafin la'asar.

Na tarar da Baffa, yayan Gwaggo, wanda ya zo daga gida ganin likita. Tsohon maharbi ne, ba ya hira uku bai sako bindiga ba. A falo kuma akwai wani ɗan koren aku da ake sakin sa ya yi yawo. Mun saba da shi sosai, a kafaɗata yake cin gyaɗa.

Da safen suna autar Gwaggo, wadda aka haifa a nan, ta ƙare wa fuskata kallo.

"Yaya, hancinki needs help," in ji ta, wai hancina na buƙatar gyara.

Ta zaunar da ni a teburin cin abinci, ta buɗe gwangwanin wata hoda mai duhu. Ta ja mini layi biyu a gefen hanci, ta shafa fara a tsakiya, wai yanzu zai miƙe kamar biro. Ana cikin haka Baffa ya shigo neman shayi. Ya ɗebi hodar, ya murza tsakanin yatsu, ya sunsuna.

"Wa ya sayar muku da wannan albarushin? Ya sha sanyi. Ko kurciya ba zai kayar ba."

"Baffa, ta kwalliya ce. Ta hanci," in ji Auta.

"Hanci ake ɗura wa?"

Ya tsaya a kanmu yana ba da shawara. Wai a ƙara a hagu, dama ta fi nauyi, kuma shi bai taɓa yarda da garin bindigar da ba ya sa atishawa ba. Auta ta biye masa don kunya, ta ƙara. Ya ce a ƙara kuma. Da na duba madubi sai na ga kamar an shimfiɗa mini titi mai kwalta biyu.

Sai ga aku ya sauko kafaɗata. Ya karkata kai, ya dube ni da ido ɗaya, ya juya ya duba da ɗayan. Na ce, "Ni ce fa." Bai yarda ba. Ya kai wa tsinin hancin cafka, na kurma ihu, shi kuma ya firgita ya faɗa cikin gwangwanin, ya tashi da ƙura ya zagaye falo sau biyu. Farin labulen Gwaggo ya sha zane.

Baffa ya yi atishawa har sau huɗu, ya share ido ya ce, "To, ashe yana da ɗan ƙarfi."

Da filasta a hanci na je sunan. Duk matar da ta tambaya sai Gwaggo ta riga ni amsawa, ta ce ƙofar mota ce. Akun kuwa ya yi sati biyu da ƙirji ruwan ƙasa, ya ƙi wanka.